Idan Taro Ya Yi Yawa, Raba Shi Ne Magani?

Duk inda jama'a ta yi yawa, magana ta cika majalisa har wani ba ya jin wani, ba a rasa mai miƙewa ya ce a raba. Shawara ce mai daɗin ji, amma ya kamata mu auna ta da abin da idonmu ya gani. Mutanen Dugabau ta ƙasar Kabo, maƙwabtan Gwarzo, sun isa shaida.

Ran 27 ga Mayu, 1967, aka raba Jihar Arewa gida shida, Kano ta zama jiha. A 1991 aka yanke Jigawa daga jikinta. A 2019 Gwamna Abdullahi Ganduje ya raba masarautar Kano biyar, watau Kano da Bichi da Gaya da Rano da Ƙaraye, sai Kabo da Gwarzo suka faɗa ƙarƙashin Ƙaraye. Cikin watan Mayu, 2024, Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar da ta soke wancan rabo. Ashe cikin shekara biyar an sake wa mutumin Dugabau fada sau biyu, alhali gonarsa tana nan inda take.

Masu son rabo suna da hujja. Sun ce idan hukuma ta matso kusa, talaka ba ya ɓata yini a hanya don takarda ɗaya, kukansa kuma ba ya nutsewa cikin na dubbai.

Masu ƙi su ma ba su rasa tasu ba. Kowace sabuwar hukuma tana bukatar ofis da ma'aji da akawuna, kuɗin kuwa daga aljihu ɗaya yake fita. Gwanayen aiki 'yan kaɗan ne. Idan aka warwatsa su, sabon akawu ba ya samun tsohon hannu da zai koya a wurinsa. Maganar da ta shafi sassa biyu kuma sai a kai ta nan a kai ta can, aiki ɗaya ya zama biyu.

Malaman makaranta sun fi kowa sanin wannan. Idan aji ya cika aka raba shi, babu malami na biyu, rabin yaran zaman banza za su yi.

To, mu a ganinmu, kafin a raba kowane taro sai a yi tambaya uku. Yawan aiki ne ya kawo cunkoso, ko rashin tsari? Akwai mutanen da za su riƙe sabon sashe? An shawarci waɗanda abin zai shafa? Idan rashin tsari ne, a tsara maganganu, kowace da ranarta da mai kula da ita, a ga abin da zai rage. Raba gida ba wuya, haɗa shi ne aiki. Allah ya sa mu dace.