Kafin a Sayi Gilashin Nutso a Kasuwar Dembé

Cadi ba ta da teku, amma N'Djamena ba ta rasa masu nutso ba. A inda kogin Logone ya haɗu da Shari, daura da garin Kusiri na Kamaru, masunci kan tsunduma idan tarunsa ya maƙale a kututture, ya yi ta lalube ido rufe. Ranar da irin wannan mutum ya ci karo da gilashin nutso cikin kayan gwanjo a kasuwar Dembé, sai ya juya shi, ya hau ciniki, bai ko ɗora shi a fuska ba. Nan kuskuren yake farawa.

Idon ɗan Adam da iska ya saba. Da zarar ruwa ya taɓa ƙwayar ido, komai sai ya koma dishi-dishi. Aikin gilashin shi ne ya tsare 'yar iska a gaban ido don gani ya dawo. Sai dai yana da ƙarin gishiri: abu kan ƙara girma da kusan kashi ɗaya cikin uku, ya kuma matso kusa. Karfasar da aka rantse ta yi damtse, a kwale-kwale sai a ga ba ta kai ba.

Gwajin kuwa ko sisi ba ya ci. Mai saye ya kawar da gashi daga goshi, ya ɗora gilashin ba tare da ya rataya maɗaurin ba, ya ɗan ja numfashi ta hanci, ya saki hannu. In ya manne, ya dace da fuskarsa. In ya zame, ko ya ji iska na shiga ta gefen kunci, to ya ajiye shi ko da kyauta aka ba shi. Tamke maɗauri ba ya maganin yoyo. Lanƙwasa robar gefen gilashin yake yi, ruwa ya samu sabuwar hanya, a fito da shati a goshi. Masu gashin baki su suka fi shan wannan wahala, don ta ƙarƙashin hanci ruwan ke sulalowa.

Dole kuma hanci ya kasance a ciki. A zurfin mita 10 matsin da ke kan jiki ya ninka na bakin gaɓa, gilashin ya riƙa tsotsar fuska. Mai nutso yana hura 'yar iska ta hanci ya daidaita shi. Ƙaramin tabarau na masu iyo ba ya ba da wannan dama, shi ya sa wanda ya nutsa da shi can ƙasa kan fito da ido jajur.

Batun faɗin gani ne ke ruɗin mutane. Ba girman gilashi kaɗai ke kawo shi ba, har da kusancinsa da ido, kamar mai leƙe ta taga: yana matsawa, yana ƙara ganin tsakar gida. Mai tagogi a gefe yana da kyau a ruwa garau irin na Bahar Maliya. A Shari, musamman lokacin cikar ruwa wajen Oktoba, laka kan hana mutum ganin nesa da hannunsa, don haka biyan kuɗin tagar gefe asara ce. Ƙarami mai zama daram ya fi, ga saurin fitar da ruwa in ya shiga.

Saura abu biyu a duba. Gilashin ya zama mai tambarin "Tempered", wanda in ya fashe yake marmashewa maimakon ya tsage kamar wuƙa. Sannan a ja robar a gani: zafin Afrilu a N'Djamena, da ke haura digiri 40, yana busar da ita har ta tsattsage. Ta silikon ta fi jurewa.

Idan an kai shi gida, a wanke cikinsa da man goge baki, a riƙa shafa masa yawu kafin shiga ruwa don kada ya yi hazo, a kuma adana shi a inuwa.