«Ya yi» ko «bai yi ba»: yadda ake yanke wa fina-finai hukunci a Difa

A ƙasashen Turai akwai mutanen da ba su da wata sana'a sai kallon fim. Ana biyan su albashi su shiga silima, su fito su rubuta ra'ayinsu a jarida, su ba fim tauraro ɗaya ko biyu, har zuwa biyar in ya ƙayatar da su ƙwarai. A Difa wannan aiki yana hannun jama'a, kuma ba mai biyan kowa ko dala. Samari na yin shi a fada lokacin da ake jiran shayi na biyu, mata na yi wajen kitso ko gidan suna, ma'aikata na yi a buro kafin shugaba ya iso. Hukuncin gajere ne: «ya yi», «ba laifi», «ya cika ja», «ɓata lokaci ne». Mai karatu zai ce ai wannan hira ce kawai. To, hira ce, amma ita ke zaɓen abin da zai shiga gidajenmu da dare, saboda haka ta isa a tsaya a dube ta da kyau.

Kafin mu shiga cikin hukuncin, ya kamata a san hanyar da fim ke bi ya zo nan. Tsakanin Difa da Yamai akwai fiye da kilomita 1.300, alhali kuwa Damasak tana tsallaken kogin Komadugu, Maiduguri ma ta fi Damagaram kusa da mu. Motocin da suka riƙa kai tattasai da busasshen kifi kudu, su ne suka riƙa komowa da kaset, kamar yadda suke komowa da naira. Tun da ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya a 1990, har aka zo zamanin Sangaya da Wasila wajen shekarar 2000, fim ɗin Hausa ya samu gindin zama a gaɓar kogin. A wancan lokaci kallo abu ne na taro. Mai gidan kallo ya tada injin wuta, a shimfiɗa tabarmi, yaro da babba su biya ƴan daloli su zauna, in an tashi kuma a yi ta gardama a hanya har kowa ya kai ƙofar gidansu.

Ranar 6 ga Fabrairu 2015 ƴan Boko Haram suka kawo hari Boso da Difa. Bayan ƴan kwanaki gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci a jihar, aka hana fita da dare, aka hana hawan babur, cinikin kifi da na tattasai ya tsaya na wani lokaci. Taron dare ya zama abin tsoro, sai fim ya ƙaura ya koma cikin salula. Yanzu mutum shi kaɗai yake kallo a ɗaki, ko shi da iyalinsa sun haɗa kawuna a kan waya guda, sai da safe ya fito da ra'ayinsa. Ko da aka rufe iyaka tsakanin Nijar da Najeriya daga Agusta 2023 zuwa Maris 2024, buhun kaya ya tsaya, fim bai tsaya ba, domin shi ba ya bi ta gaban jami'in duwan.

A nan ne mai turi ya shigo cikin magana, wato saurayin nan mai kwamfuta a rumfa, wanda ke cajin waya yana kuma tura wa mutane fina-finai cikin katin da yara ke kira memori. Kuɗin intanet bai barin kowa ya sauko da fim da kansa, sai shi mai turi ya sauko da shi sau ɗaya ya sayar wa mutum ɗari. Wurin ajiya a kwamfutarsa yana da iyaka. Abin da aka yaba jiya a fada shi zai ajiye, abin da aka kushe ya goge. Mai saye kuma sau da yawa bai zo da sunan fim a bakinsa ba, cewa yake a sa masa wanda ake yayi. Ta haka kalma biyu da wani ya furta yana kurɓar shayi take zama umurni ga rumfa, daga rumfa ta wuce ƙauyukan gaɓar kogi ranar kasuwa, ta kai har sansanin ƴan gudun hijira na Sayam. Wanda ya ce «ya yi» bai san cewa ya zaɓa wa ƴaƴan wani abin kallo ba.

To, da wane mudu ake awo? Wanda ya saurari hirar nan da kunnen basira zai tarar mudu na farko shi ne darasi. Ana tambaya ko fim ɗin ya koyar da wani abu, ko mugu ya ga sakayya, ko mai haƙuri ya ci riba. Wannan ne ya ɗaukaka Izzar So, wanda Lawan Ahmad ya fara saki a YouTube a 2020: talaka mai ilimi da ladabi a gaban ƴar mai kuɗi mai girman kai. Dattawa ma da ba su cika son fim ba sukan sassauta masa, don ana jawo aya da hadisi a ciki. A ganinmu yabon ya ɗan wuce kima. Sau da yawa jarumin yakan tsaya ya yi ta wa'azi har labarin ya daskare, kuma fim ɗin da ya bar mai kallo ya gano darasi da kansa ya fi wanda ya ɗura masa shi da ludayi.

Mudu na biyu shi ne ja. Tun da aka koma fim mai dogon zango, wanda ake saki kashi-kashi kowane mako, wannan ƙara ta yi yawa, kuma ƙara ce mai gaskiya. Labarina na Aminu Saira, da ya fara fita a tashar Arewa24 a 2020, ya kama zukatan mutane da labarin Sumayya da masu neman ta, hotonsa da sautinsa kuma sun fi na tsararrakinsa tsabta. Amma da Nafisa Abdullahi ta bar shirin a 2022 aka sa Fati Washa a madadinta, sai ƴan kallo suka rabu biyu, wasu suka ce sun sauka daga nan, wasu suka ce ai labari ake bi, fuska ba ta dame su ba. Gardamar nan ta fi kowace daɗin saurare, domin a cikinta ne ake jin mutane na kawo dalili: yadda wannan ke kuka, yadda waccan ke riƙe fushinta, inda marubucin ya manta da abin da ya faɗa a baya. Mutumin Difa yana da hujjar ƙin ja fiye da mutumin Kano. Kowane kashi kuɗin turi ne da kuɗin caji, in an yi minti arba'in ba abin da ya faru sai gaisuwa da shiga mota da fita mota, to an ci masa kuɗi a banza.

Ma'aikatan hukuma kuwa nasu daban ne. Kwana Casa'in, da aka fara a 2019, ya nuna siyasar wata jiha ta ƙage mai suna Alfawa, da asibitinta maras magani da ƴan jaridarta da ake saye da sayarwa. A buro akan yabe shi da dariya, kowa na cewa ya san wani mai irin halin wane, ba mai cewa ya ga kansa.

Sai fassarar Indiya. Soyayyar Hausawa da fim ɗin Indiya tsohuwa ce, tun zamanin Mother India na 1957 da Sholay na 1975, lokacin da ake kallo ba a jin ko kalma ɗaya amma a fito a ba da labarin daga farko har ƙarshe. Yau kamfanoni irin su Algaita na Kano suna ɗora muryar Hausa a kai, da barkwanci da habaici irin na tasha. Yara ba su haɗa ta da komai. In ka tambaye su sai su ce faɗan ya yi, mai fassarar ya iya zagi. Ga inda hukuncin fada ke da rauni: ana auna dariya, ba a auna jinin da ake zubarwa a gaban yaro ɗan shekara bakwai, a jihar da yara da yawa suka ga na gaske da idonsu.

Akwai fanni guda da ba wanda ya kai ɗan Difa cancantar yanke hukunci a kansa, wato fina-finan da suka taɓo wannan fitina. Daɗin Kowa na Arewa24 ya sako ƴan gudun hijira cikin mutanen garinsa, ya nuna yadda ake yaudarar matasa. The Milkmaid na Desmond Ovbiagele, da aka yi da Hausa a jihar Taraba ya fito a 2020, ya ba da labarin ƴan'uwa mata biyu masu tallan nono da ƴan bindiga suka sace. Ya ci kyautar fim mafi kyau a gasar fina-finan Afirka ta AMAA a shekarar, bayan hukumar tace fina-finai ta Najeriya ta sa an yanke wasu sassansa. Alƙalan da suka ba shi kyauta daga nesa suka ji labarin irin wannan masifa. Matar da ta baro ƙauyenta a gaɓar Komadugu da ɗa a goye, ta yi shekaru cikin rumfar leda a bakin hanyar ƙasa mai lamba 1, ita ta san ko haka ake gudu, ko haka ake karɓar wadda ta dawo daga daji. Ra'ayinta ya fi tauraro biyar nauyi, amma a tsakar gida yake ƙarewa, ba ya isa kunnen masu shirya fim.

A nan sai mu ɗan ratse. Yawancin masu wannan hira Barebari ne, da Fulani da Tubawa da Larabawa, Hausa harshen kasuwa ce gare su. Fim ya shigar da ita har ɗakin kwana, yaro na jin karin maganar Kano kafin ya san na kakarsa. Hausa ta ƙaru, ba shakka. Iyaye dai su lura kada tatsuniyar Kanuri ta rasa wurin zama da dare.

Abin da ya fi damun mu shi ne wanda ba a ambata ko kaɗan. Ka zauna a fada mako guda, da wuya ka ji an yaba ko an kushe fim ɗin Nijar, alhali ƙasarmu na cikin na farko a wannan sana'a a Afirka ta Yamma. Mustafa Alasan ya yi Le Retour d'un aventurier a 1966, labarin saurayin da ya komo ƙauye da kayan kaboyi ya raba wa abokansa suka addabi gari. Wanda ya ga yadda yaranmu ke kwaikwayon jaruman Indiya zai ce jiya aka yi shi. Umaru Ganda ya kai Cabascabo bikin Kan na Faransa a 1969, kuma Le Wazzou polygame nasa, a kan Alhajin da ya nace sai ya ƙara ta uku, shi ne fim na farko da ya ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1972. Ganda ya rasu a 1981, Alasan a 2015, Zalika Sule da ta fito a fina-finansu ta rasu a 2021. Bayansu ma ba a daina ba. A'isha Maki, ƴar Damagaram, ta yi L'Arbre sans fruit a 2016 a kan matar da ba ta samu haihuwa ba, ta yi Zinder a 2021 da matasan unguwar Kara-Kara, suna magana da Hausar da kowa ke ji a Difa. Waɗannan fina-finai sun zaga bukukuwan Turai sun ci kyaututtuka, amma ba su cika isowa kwamfutar mai turi ba, abin da bai shiga can ba kuwa ba shi da rabo a hira.

Manoman gaɓar kogi su ne ya fi kamata su ga aikin Sani Magori, ɗan Galmi, wanda ya karanci aikin gona kafin ya ɗauki kyamara. A 2008 ya yi Pour le meilleur et pour l'oignon, inda auren wata yarinya ke jiran kuɗin albasa, farashi kuma na hawa da sauka a hannun fatake. Cire albasa ka sa tattasai, labarin Komadugu ke nan: bashin taki da man injin ban ruwa, ambaliyar da ke cinye gona, buhunan da ke jiran a buɗe hanya. Manomin da ya kalli wannan fim zai faɗi abin da ya fi «ya yi», zai ce nan an faɗi gaskiya, nan kuma mu ba haka muke yi ba. Wataƙila ma wani ɗalibin jami'ar Difa, wadda aka kafa a 2014, ya ji sha'awar ɗaukar na tattasai da wayar hannunsa.

Magabatan da ke kula da al'adu a jiha suna da abin yi, kuma ba mai tsada ba ne. Cibiyar fina-finai ta ƙasa da ke Yamai, wato CNCN, tana iya shiryawa da masu haƙƙin waɗannan ayyuka a nuna su a gidan matasa da al'adu da rana, a kuma ba masu turi izinin raba su, a ɗora wa na Zabarmanci da Faransanci muryar Hausa da Kanuri yadda ake ɗora wa na Indiya. Gidajen rediyon jiha su ware rabin awa a mako, masu saurare su bugo su faɗi abin da suka kalla, da sharaɗin duk wanda ya ce «ya yi» ko «bai yi ba» ya biyo da dalili.

Ku kuma ƴan'uwa da kuka fito daga ajin yaƙi da jahilci, ga wurin gwada alƙalami. Bayan kun kalli fim, ku rubuta layi huɗu a littafinku: sunansa, abin da ya faru a taƙaice, abin da ya gamshe ku ko ya ɓata muku rai, da kuma ko za ku yarda ƴaƴanku su gani. Ku karanta wa ƴan fada, ku aiko wa wannan shafi, za mu buga waɗanda suka zo da hujja, ko da sun saɓa wa ra'ayinmu a kan Izzar So.