TARIHIN BEDFORD, KAMIYO MAI BODIN KATAKO

Tsofaffin Urafane da na ƙasar Tasawa da Mayahi ba su mance da zamanin gujiya ba. In kaka ta yi, manomi ya kai buhuhuwansa wurin awo bisa jaki ko raƙumi, daga nan sai kamiyo ta kwashe. Kashi mai yawa na gujiyar nan ta Maraɗi yake bi, ya ratsa Jibiya da Katsina har Kano, inda jirgin ƙasa yake ɗauka zuwa bakin teku. Cikin motocin Nijeriya da suka ci wannan hanya, akwai wata mai dogon hanci da bodin katako, sunanta Bedford.

INA TA FITO?

Bedford mota ce ta Ingila. Kamfanin Vauxhall, da ke garin Luton arewa da Landan, shi ya fara ƙera ta a shekarar 1931. Amma tun 1925 kamfanin General Motors na Amurka ya sayi Vauxhall. Ke nan hannun Ingilishi ne ke aiki, amma maganar ƙarshe tana Amurka. Lokacin yaƙin duniya na biyu, daga 1939 zuwa 1945, an ƙera wa sojan Ingila motocin Bedford wajen 250.000. Bayan yaƙi aka kai aikin manyan motoci garin Dunstable, kusa da Luton.

A 1958 aka fito da samfurin TJ, mai dogon hancin nan. A 1959 kamfanin Federated Motor Industries, reshen UAC, ya fara haɗa ta a Apapa, cikin Legas. Injin da ƙarafan daga Ingila suke zuwa. Bodi kuwa kafintoci ke yinsa da katako, a shafe shi da fenti, a rubuta masa karin magana. Direbobi sun so ta don injinta ba shi da wuyar sha'ani. In ta tsaya cikin daji, direba da yaron mota su kan kwance abin da ya lalace, su gyara, a ci gaba da tafiya.

YADDA TA FAƊI

A ƙasar nan gujiya ce ta fara ja da baya. Farin 1973 da 1974 ya ci gonaki, a 1975 kuma ƙwari suka kawo cutar da ta kashe shuka. SONARA, kamfanin gwamnati mai sayen gujiya tun 1962, ya rasa abin aunawa. A hanyoyi kuma Marsandi ta Jamus da motocin Japan suka yi ta karɓe kasuwa.

A 1986 General Motors ya yanke shawarar daina ƙera manyan Bedford. A 1987 aka sayar da ma'aikatar Dunstable ga kamfanin AWD, shi ma ya karye a 1992. Ƙananan motocin kaya an cire musu sunan Bedford a 1990, aka sa Vauxhall. Ma'aikatar Luton kanta an rufe ta a 2025.

ABIN LURA

Kamfani ya mutu, amma motocinsa sun daɗe suna aiki bayansa. Makanikai ne suka riƙe su: a ciro ƙarfe daga mataccen inji a sa wa mai rai. Da kayan gyara suka yi wuya, sai ɗaya bayan ɗaya suka kwanta bayan gareji.

Don haka duk ƙungiyar manoma da ta tara kuɗi za ta sayi mota ko injin niƙa, kada ta tsaya ga kyan fenti da sauƙin kuɗi. Ta fara tambaya tukuna: ana samun kayan gyaransa a Tasawa ko Maraɗi? Akwai makanike nan kusa da ya san cikinsa? In babu, kuɗin jama'a zai zama kwantai.