Digiri 15: Ma'aunin da ya wanke Muralitharan, ya durƙusar da Ajmal

Ranar 26 ga Disamban 1995, a filin kurket na Melbourne da ke Ostiraliya, alƙalin wasa Darrell Hair ya soke jifan Muttiah Muralitharan na Sri Lanka har sau bakwai. Zarginsa shi ne ɗan wasan yana wurga ƙwallo kamar mai jifa da dutse, abin da dokar kurket ta haramta. A wannan wasa, irin wannan zargi daidai yake da kiran mutum mai maguɗi a bainar jama'a.

Dokar ba ta hana mai jifa lanƙwasa hannu ba. Abin da ta hana shi ne ya miƙar da gwiwar hannun daga lokacin da damtsensa ya kai saitin kafaɗa zuwa lokacin da ƙwallon ta bar yatsunsa. Dalili kuwa, miƙewar gwiwa tana ƙara wa ƙwallo gudu da juyi. Ga masu murza ƙwallo, waɗanda makaminsu shi ne sa ta ta karkace bayan ta daki ƙasa, wannan ƙarin riba ce babba a kan mai bugu.

Gwajin da aka yi wa Muralitharan a 1996 a Jami'ar Yammacin Ostiraliya da kuma wata jami'a a Hong Kong ya nuna cewa da lanƙwasasshiyar gwiwa aka haife shi, ba ya iya miƙar da ita gaba ɗaya. Idan kafaɗarsa ta juya da sauri, wuyan hannunsa mai laushi ya murɗa, sai ido ya ga kamar hannun ya miƙe.

Rigimar ta sake tashi a 2004 saboda salon da ake kira "dusra", wanda Saqlain Mushtaq na Pakistan ya fito da shi. A wannan salo bayan hannu ne ke fuskantar mai bugu, ƙwallon kuma ta karkata zuwa ɓangaren da bai zata ba. An auna miƙewar gwiwar Muralitharan ta kai digiri 14, alhali iyakar masu murzawa a lokacin digiri 5 ce, ta masu jifan gudu kuma 10.

Daga nan Hukumar Kurket ta Duniya, ICC, ta sa aka yi nazarin sauran masu jifa da kyamarori masu saurin ɗauka. Sakamakon ya girgiza masu sukar: kusan kowa na miƙar da gwiwa, har da waɗanda ake kafa misali da tsaftar jifansu. Tun daga Maris ɗin 2005 aka tsayar da iyaka ɗaya ga kowa, digiri 15, wadda masana suka ce daga nan ne idon mutum ke fara gane miƙewar. Muralitharan ya yi ritaya daga wasannin kwana biyar a 2010 bayan ya fitar da masu bugu sau 800, tarihin da ba a karya ba.

Ma'aunin nan dai shi ya ci Saeed Ajmal na Pakistan. A Satumban 2014, yana kan gaba a duniya a wasannin yini ɗaya, gwaji a Brisbane ya nuna gwiwarsa na miƙewa fiye da ninki biyu na iyakar. An dakatar da shi. Ya gyara salonsa ya dawo a 2015, amma kaifin ya tafi, ya ajiye wasa a 2017.

Batun ya shafi Najeriya, wadda 'yan matanta 'yan ƙasa da shekara 19 suka doke New Zealand a gasar duniya ta 2025 a Maleshiya. Dokar tana hawa kan duk wanda ya shiga gasar ICC, kuma labarin Ajmal ya nuna cewa hannun da ya saba da salo yana da wuyar sauyawa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, don haka nauyin yana kan masu horar da yara.