Dakon Tsofaffin Tirelolin Yawon Buɗe Ido Daga Amurka: Inda Kuɗin Ke Tafiya

Daga cikin kayayyakin da ake lodawa a tashoshin jiragen ruwa na gabashin Amurka zuwa ƙasashen Turai, akwai wata haja da ba kasafai ake jin labarinta ba, wato tsofaffin tirelolin yawon buɗe ido. Tirelar da ake nufi a nan dabam take da manyan motocin nan masu ɗaukar siminti da shanu. Ɗaki ne na tafi-da-gidanka a kan tayoyi, mai gado da wurin girki da makewayi, wanda ƙaramar mota ke ja a baya. Masu saye a Ingila da Jamus da Holan sukan yi odarsu domin zuwa hutu, wasu kuma su mayar da su shagon sayar da abinci da shayi, ko ɗakin haya ga baƙi.

Abin da sababbin shiga wannan harka kan gano a makare shi ne, kuɗin da aka biya mai tirela somin-taɓi ne kurum. Kafin ta taka kwaltar ƙasar da za a kai ta, abin da hanya za ta ci yana iya wuce rabin kuɗin saye, kuma mafi yawansa ana iya lissafa shi tun kafin a ƙulla ciniki.

Tirelar da aka fi nema a wannan kasuwa ita ce ƙirar kamfanin Airstream, wanda Wally Byam ya kafa a jihar Kalifoniya a farkon shekarun 1930, kuma tun 1952 yake da masana'anta a garin Jackson Center na jihar Ohio. Da alminiyam ake ƙera jikinta, shi ya sa ba ya tsatsa, har ake samun waɗanda aka ƙera a shekarun 1950 da 1960 suna nan da sauran ƙarfinsu. Ƙetare teku kuwa ba sabon abu ba ne a gare su, domin a 1959 Byam ya jagoranci ayarin tireloli 41 waɗanda aka kai Afirka ta Kudu ta jirgin ruwa, suka taso daga birnin Cape Town suka isa Alƙahira a 1960.

Jirgi fili yake sayarwa

Matsalar farko ita ce ta awo. Hanya mafi arha ta aika kaya ta ruwa ita ce kwantena, amma faɗin ƙofar kwantena mai ƙafa 40 mita 2.34 ne, tsayin ƙofar kuma mita 2.28, ko 2.58 idan doguwar kwantena ce. Tirelolin Airstream na shekarun 1970 kuwa faɗinsu kimanin ƙafa 8 ne, wato mita 2.44, saboda haka ko ƙofar ba za su wuce ba. Wasu ƙanana na shekarun 1950 da farkon 1960 ne kaɗai ake iya cusawa, su ma sai an kwance abubuwan da ke bisa rufi, wani lokaci har da tayoyi.

Saura hanya biyu ke nan. Ta farko ita ce jirgin da ake kira RoRo, irin wanda ke dakon motoci, inda ake jan tirelar ta hau gada ta shiga cikin jirgi, a ɗaure ta a ƙarƙashin rufi. Kamfanoni irin su Wallenius Wilhelmsen da Höegh Autoliners da Grimaldi suna wannan aiki daga tashoshin Baltimore da Brunswick da sauransu zuwa Southampton ta Ingila, Bremerhaven ta Jamus da Zeebrugge ta Beljiyam, tafiyar kimanin mako biyu zuwa uku. Ta biyu ita ce kwantena marar gefe da rufi, wadda ake ɗora kaya a kanta a ɗaure. Wannan ta fi tsada, domin duk kayan da ya yi fiƙe ya wuce gefenta yana hana a ajiye wata kwantena a maƙwabtaka, kuma mai kayan ne zai biya kuɗin gurbin da aka yi asara.

Tsohuwar ƙa'idar masu jiragen ruwa ita ce su dubi nauyin kaya da tan, su dubi girmansa da kubik mita, sa'an nan su caji wanda ya fi yawa. Tirela kuwa iska ce ta cika cikinta. Alal misali, wadda tsawonta ya kai ƙafa 26, wato mita 7.9, faɗinta mita 2.44, tsayinta mita 2.9, ta cinye fili kimanin kubik mita 56, alhali nauyinta bai wuce tan biyu da 'yan kai ba. A kan 56 ɗin za a yi lissafi. Bugu da ƙari, daga wurin da ya fi tsawo zuwa wurin da ya fi faɗi ake awo, har da ƙarfen ja na gaba da duk abin da ya leƙo. Idan aka sauke na'urar sanyaya ɗaki daga rufi tsayin ya dawo mita 2.6, filin zai koma kimanin kubik mita 50, an rage kusan kashi 10 cikin ɗari na kuɗin dako da aikin sa'a guda. Saboda haka ne gogaggun 'yan kasuwa ke aika wanda zai auna tirelar da kansa, domin idan awon da aka rubuta ya saɓa wa na tasha, na tasha za a bi, a kuma aiko da takardar ƙarin kuɗi.

Kafin tasha da cikin tasha

Yawancin tsofaffin tirelolin nan a gonaki da bayan gidaje ake samunsu, sau da yawa ɗaruruwan mil daga bakin teku, kuma sun yi shekaru ba su motsa ba. Jirgin RoRo ba ya karɓar abin da ba ya jawuwa sai da ƙarin kuɗin ɗora shi a kan wani dandamali mai taya, don haka tilas a sauya tayoyi, a duba birki da fitilu, ko kuma a ɗauko ta a bayan babbar mota. Har ila yau, sai an cire tukwanen gas, an zubar da ruwan tankuna, an kuma kwashe kayan mutum daga ciki, domin kamfanonin jiragen ba su ɗaukar alhakinsu. Direban da zai shiga tasha a Amurka kuma sai yana da katin izini na musamman, in ba haka ba a biya wanda zai raka shi.

Ta fuskar takardu, ana bukatar shaidar mallaka da rasit na ciniki, kuma kayan da darajarsa ta wuce dala 2,500 sai an shigar da bayanin fitarsa ga hukumomin Amurka ta kwamfuta. A nan ne ciniki da yawa ke cijewa, domin tirelar da ta wuce hannu huɗu ko biyar cikin shekara hamsin tana iya kasancewa ba ta da takardar mallaka ko kaɗan, ko kuma lambar da ke jikinta ta saɓa wa ta takarda. Wanda ya biya kuɗi kafin ya ga takarda ya yi cinikin biri a sama.

Shi kansa kuɗin dakon da wakilin jirgi zai faɗa da farko ba shi ne na ƙarshe ba. Akwai ƙarin kuɗin mai, wanda ya daɗa nauyi tun daga 1 ga Janairun 2020 da aka tilasta wa jirage amfani da mai mai ƙarancin sinadarin salfa. Tun Janairun 2024 kuma Tarayyar Turai ta shigar da jiragen ruwa cikin tsarinta na biyan kuɗin hayaƙi, kamfanonin kuwa suka ɗora wa masu kaya. Akwai kuɗin hidimar tasha a wurin lodi da wurin sauke, da ladan wakilin fito, da kuɗin ajiya da ke fara hawa kullum da zarar 'yan kwanakin alfarma sun ƙare.

Inshora

Masu neman sauƙi sukan tsallake inshora bisa zaton cewa kamfanin jirgi zai biya idan wani abu ya faru. Dokar Amurka ta dakon kaya ta ruwa ta 1936 ta taƙaita abin da mai jirgi zai biya zuwa dala 500 a kan kowane ƙunshi ko ma'aunin dako, sai fa idan an bayyana darajar kayan tun farko an biya ƙari. Haɗarin kuma na gaske ne. A Fabrairun 2022 jirgin Felicity Ace ya kama wuta kusa da tsibiran Azores, ya nitse ranar 1 ga Maris da motoci kusan 4,000.

Akwai kuma wata daɗaɗɗiyar ƙa'idar teku wadda ke cewa idan aka yi asara ko aka kashe kuɗi domin ceton jirgi, duk masu kaya a ciki za su yi karo-karo gwargwadon darajar kayansu, ko da nasu bai taɓu ba. Masu jirgin Dali, wanda ya rushe gadar Francis Scott Key a Baltimore ranar 26 ga Maris 2024, sun yi amfani da wannan ƙa'ida. Wanda ba shi da inshora sai ya ajiye kuɗin jingina kafin a sakar masa kaya. Bisa al'ada ana yin inshora a kan kuɗin saye da na dako tare da ƙarin kashi 10 cikin ɗari, amma ya kamata a karanta sharuɗɗa da kyau, domin kan tsofaffin kaya kamfanoni sukan cire lotsawa da ƙarzuwa, su kuwa ne suka fi samun jikin alminiyam.

Kwastan da gyara

A kundin kwastan na duniya irin wannan tirela tana ƙarƙashin lamba 8716.10. Kuɗin fiton da Tarayyar Turai ta daɗe tana karɓa a kanta kashi 2.7 cikin ɗari ne, wanda ba shi da yawa. Nauyin yana ga harajin VAT: kashi 19 a Jamus, 20 a Faransa da Biritaniya, 21 a Holan. Ana kuma lissafa shi ne a kan kuɗin saye da na dako da na inshora da na fito gaba ɗaya, ma'ana duk dalar da aka biya jirgi sai an sake biyan haraji a kanta.

Ga lissafin misali, da alkaluman da aka ɗauka don bayani kawai. A ce an sayi tirelar nan mai ƙafa 26 a kan dala 20,000, aka kashe 2,000 wajen shirya ta da kai ta tasha, jirgi ya caji dala 100 kan kowace kubik mita wato 5,600, inshora ta ci 400. Jimla 28,000. Kuɗin fito kashi 2.7 ya zama 756, harajin Jamus na kashi 19 kuma kimanin 5,464. An tashi a dala 34,220, wato ƙarin kashi 71 cikin ɗari a kan kuɗin saye, alhali ba a sa kuɗin tashar sauke da na wakili ba. Biritaniya tana rage harajin zuwa kashi 5 ga motocin tarihi da suka kai shekara 30 ba a sauya musu siffa ba, sai dai shigar da tirela cikin wannan rukuni yana hannun kwastan, don haka a nemi hukuncinsu a rubuce kafin jirgi ya tashi.

Fita daga tasha ma ba shi ne ƙarshen kashe kuɗi ba. Wutar lantarkin Amurka volt 120 ce, ta Turai 230. Ƙwallon ƙarfen ja a Amurka inci 2 ne ko fiye, a Turai milimita 50. Tsarin birki da na fitilu da bututun gas duk sun bambanta, kuma sai an sauya su. A Biritaniya doka ta ƙayyade faɗin tirela zuwa mita 2.55, tsawon jikinta kuma mita 7 idan motar da ke janta ba ta wuce kilo 3,500 ba. Saboda haka doguwar Airstream mai ƙafa 31 ta shekarun 1970 ba ta jawuwa da motar gida a can, sai dai a girke ta wuri guda. Ita kuwa Ostireliya tun ƙarshen 2003 ta haramta shigo da duk abin da ke da sinadarin asbestos, wanda ake iya samu a daɓe da birkin tsofaffin tireloli, kuma mai kaya ne ke biyan kuɗin gwaji da cirewa.

Ga ɗan kasuwar Nijeriya

Irin waɗannan jirage na RoRo su ne ke kawo motocin tokumbo tashar Tin Can da ke Legas, inda kamfanin Grimaldi ke da matsayarsa ta PTML, don haka ƙa'idar awo ɗaya ce ga duk mai son shigo da tirela, ko taraktar noma, ko motar sayar da abinci. A nan sai an buɗe fom M ta banki kafin a yi lodi, an kuma sami takardar ƙiyasin kwastan ta PAAR. Bayan kuɗin fito akwai rabin kashi ɗaya na ƙungiyar ECOWAS, da harajin VAT wanda ya koma kashi 7.5 tun Fabrairun 2020. Darasin da masu shigo da kaya suka koya bayan an saki farashin naira a Yunin 2023 shi ne, farashin dalar da kwastan ke lissafi da shi yana iya sauyawa tsakanin ranar lodi da ranar fito, saboda haka wajibi ne a bar rara a cikin kasafi.

Tun da yake kuɗin dako bai san darajar kaya ba, rubabbiyar tirela da lafiyayya masu girma ɗaya kuɗi ɗaya za su biya jirgi. Wanda ya sayi ta dala 5,000 don ganin arha zai biya dakon da ya fi kuɗin sayenta, sa'an nan ya fuskanci gyara a ƙasar da kayan gyaran ma sai an yi odarsu. Masu iya magana sun ce sayen nagari mayar da kuɗi gida. Abin da ya kamata mai niyya ya riƙe a hannu kafin ya biya ko sisi shi ne awon tirelar na haƙiƙa, hoton takardar mallaka, farashin dako a rubuce mai ɗauke da duk ƙare-ƙare da ranar ƙarewarsa, da kuma ƙiyasin wakilin fito na ƙasar da za a sauke ta.