Ciwon Damuwa a Wurin Aiki: Ina Gaskiya, Ina Jita-jita?

Akwai maganar da ke yawo a ofisoshi da masana'antu, wai duk ma'aikacin da ya kuskura ya ce yana ganin likitan ƙwaƙwalwa, ya sa hannu a takardar korarsa da kansa. A cikinta akwai ƙarya, akwai kuma gaskiya, kuma cakuɗa su ne ke sa mutane haɗiye ciwo har ya kwantar da su.

Babbar ƙaryar ita ce ɗaukar cewa duk mai matsalar ƙwaƙwalwa mahaukaci ne, ba ya iya riƙe aiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 kashi 15 cikin 100 na mutanen da ke shekarun aiki suna ɗauke da wata lalurar ƙwaƙwalwa, kuma ciwon damuwa da na fargaba ne suka fi yawa. Waɗannan ba a bola suke kwana ba; su ne malamin makaranta da ma'aikaciyar jinya da akawun banki, masu zuwa aiki kullum. Yadda mai hawan jini ke shan magani yana aikinsa, haka su ma. Asarar da ke faruwa, wadda hukumar ta ƙiyasta da ranakun aiki biliyan 12 duk shekara, rashin samun kulawa a kan lokaci yana cikin abin da ke ƙara ta.

Ƙarya ce kuma a ce doka ta ba oga damar sallamar mutum saboda wannan. Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023, ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta kuma hana korar ma'aikaci don kawai yana da wannan lalura ko yana karɓar magani. Haka nan likita, ko a asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna yake ko na Kware a Sakkwato, amana ta ɗaure shi. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana shi kwashe sirrin majinyaci ya kai wa shugabansa ba da yardar majinyacin ba, sai in kotu ko doka ta tilasta.

Wani zai ce doka daban, abin da ke faruwa daban. Ya yi gaskiya, kuma wannan shi ne ɓangaren da bai kamata a raina ba. Oga ba sai ya rubuta dalilin kora ba. Yana iya tsallake mutum a ƙarin girma, abokan aiki kuma su riƙa nuna shi da baki, ana cewa ya samu taɓuwa ko imaninsa ya yi rauni. Yaron shago da lebura, da ba su da takardar ɗaukar aiki, kariyarsu ta fi rauni. Sai dai abin da wannan ke koyarwa shi ne a zaɓi wanda za a gaya wa, ba a ƙi neman magani ba.

Faɗa wa likita wajibi ne ga mai son lafiyarsa. Faɗa wa oga kuwa zaɓi ne, kuma takardar hutun jinya daga asibiti takan wadatar ba sai an zayyana komai ba. Shugabannin ma'aikatu da ƙungiyoyin ƙwadago, nauyin yana wuyanku: ku ware jami'i guda mai riƙon amana, ku hukunta duk wanda ya tona asirin abokin aikinsa.