Saɓanin Ra'ayi a Kan Sababbin Wasannin Bidiyo

Wasan bidiyo, wanda matasa suka fi sani da gem, ya daɗe da wuce matsayin abin rarrashin yara, domin a yau masana'anta ce da ke ɗaukar marubuta da masu zane da mawaƙa da injiniyoyin kwamfuta su shafe shekaru suna aiki kafin wasa guda ya fito kasuwa, kuma kamar yadda fim da littafi suke da masu sharhi, haka shi ma yake da nasa. Ra'ayi a kansa yana fitowa ne ta manyan kafofi biyu. Ta farko ita ce Metacritic, shafin da aka kafa a 2001, wanda ke tattara makin da ƙwararrun masu sharhi suka bayar ya fitar da matsakaicinsa cikin 100. Ta biyu ita ce Steam, kasuwar wasannin kwamfuta ta kamfanin Valve da ta fara aiki a 2003, inda mai wasa ke bayyana ko yana ba wasu shawarar su saya ko a'a. Kafofin nan biyu sukan yi hannun riga, kuma dalilin ba rashin basirar wani ɓangare ba ne: mai sharhi yana auna gwanintar aikin a makon da ya fito, shi kuwa wanda ya cire kuɗinsa yana auna yadda kamfanin ke mu'amala da shi tsawon watanni.

Inda ɓangarorin suka fi jituwa shi ne a wasannin ɗaukar matsayi, wato waɗanda mai wasa ke zama wani gwarzo a cikin labari, yana ƙara masa ƙarfi da kayan yaƙi yayin da tafiya ke nisa. Elden Ring, wanda kamfanin FromSoftware na Japan ya fitar a Fabrairun 2022 ƙarƙashin jagorancin Hidetaka Miyazaki, ya samu maki 96 a Metacritic, ya kuma zama gwarzon wasan shekara a bikin The Game Awards. Duk da haka ya farfaɗo da tsohuwar muhawara a kan wahala, domin kamfanin ba ya sanya matakin sauƙi a irin waɗannan wasannin nasa, kuma abokin gaba guda yana iya kashe mai wasa sau da dama kafin ya gane lagonsa. Masu goyon baya suna ganin wahalar ita ce ainihin saƙon aikin, tunda daɗin nasara yana zuwa ne daga haƙurin da aka yi kafin a same ta. Masu suka kuma suna cewa tsarin yana rufe ƙofa ga masu larurar hannu ko gani, da magidantan da ba su da sa'o'in maimaita faɗa guda. Hujjar masu sukan ta fi ƙarfi a inda ta shafi masu larura, amma tana raunana idan aka lura cewa wasan ya buɗe wasu hanyoyin sauƙaƙawa a cikinsa, kamar kiran ruhohin taimako, ko barin wurin da ya gagara a je a ƙaro ƙarfi a wani yanki a dawo.

Baldur's Gate 3, na kamfanin Larian da ke Beljiyam, ya fito a Agustan 2023 da salon da aka daɗe ana ɗauka ba ya jan jama'a, wato yaƙin bi-da-bi, inda kowane ɗan tawaga ke jiran layinsa kafin ya kai hari. Shi ma ya samu 96, ya kuma lashe kyautar wasan shekara, saboda zaɓin da mai wasa ya yi a farkon labari yana iya sauya abin da zai tarar bayan sa'o'i masu yawa. Sai dai wani kaso na yabon da ya sha ba na labarin ba ne. An yabe shi ne domin wanda ya saya sau ɗaya ya mallaki komai, babu wani shago a ciki da ke neman ƙarin kuɗi, kuma yadda wannan ya zama abin yabo ya isa ya nuna halin da kasuwar ta shiga.

Halin ya fi fitowa fili a wasannin da ake kira masu rai, waɗanda ba su da ƙarshe, ana buga su ta intanet tare da wasu mutane, kamfani kuma yana ta ƙara musu kaya yana sayarwa. Concord, wasan harbi da Sony ya fitar ranar 23 ga Agustan 2024 a kan dala 40, bai sha mummunar suka daga masu sharhi ba, amma jama'a suka ƙi saye, tunda akwai irinsa na kyauta da suka riga suka saba da su, sai aka rufe shi ranar 6 ga Satumba aka mayar wa mutane kuɗinsu. Helldivers 2 na kamfanin Arrowhead da ke Suwidin ya bi akasin wannan hanya: ya fito a Fabrairun 2024 ya samu karɓuwa sosai, har zuwa watan Mayu da Sony, wanda ya fitar da shi, ya ce dole masu buga shi a kwamfuta su buɗe asusun PlayStation, alhali ba a buɗe irin wannan asusu a ƙasashe da yawa, ciki har da mafi yawan na Afirka. Cikin 'yan kwanaki sharhin ƙi fiye da 100,000 ya kwarara a Steam, Sony kuma ya janye sharaɗin. Babu abin da ya sauya a cikin wasan kansa a waɗancan kwanaki, don haka makin da ya faɗi hukunci ne a kan kamfani, kuma mai karanta irin wannan maki yana buƙatar sanin abin da ya haddasa shi kafin ya dogara da shi.

Wasan ƙwallon ƙafa shi ne wanda aka fi sani a gidajen gem na biranen Arewa, kuma shi ne wanda sharhi a kansa ya fi maimaita kansa. Bayan kusan shekara 30 yana amfani da sunan FIFA, kamfanin Electronic Arts ya rabu da hukumar ƙwallon ta duniya, ya fitar da EA Sports FC 24 a Satumban 2023, amma ƙorafin bai sauya ba: kowace shekara ana biyan cikakken farashi a kan abin da bai wuce sabon jerin 'yan wasa da ƙananan gyare-gyare ba. Babban abin taƙaddama shi ne sashen Ultimate Team, inda ake sayen ƙunshin katunan 'yan ƙwallo ba tare da an san waɗanda ke ciki ba sai an buɗe. Hukumar kula da caca ta Beljiyam ta yanke a 2018 cewa irin wannan ciniki caca ne, kuma a farkon 2019 kamfanin ya daina sayar da kuɗin cikin wasan a ƙasar. Wannan batu ne da ya kamata iyaye su sani, ko da yake abokai biyu da suka haɗu a gidan gem suka zaɓi Barcelona da Real Madrid ba su da hulɗa da wancan sashe, shi ya sa wasan da ake zagi a intanet yake ci gaba da cika ɗaki a unguwa. Kishiyarsa, PES na kamfanin Konami, ya koma eFootball a Satumban 2021, ya zama kyauta, amma ya fito da kurakuran hoto da suka sa ya shiga sahun wasannin da suka fi shan suka a tarihin Steam, har kamfanin ya nemi afuwa.

Lokaci ma yana da nasa tasirin, domin wasa ba kamar littafi yake ba, ana ci gaba da gyara shi ta intanet bayan ya fito. Cyberpunk 2077 na CD Projekt Red da ke Poland ya fito a Disamban 2020 cike da matsaloli a tsofaffin na'urori, har Sony ya cire shi daga shagonsa na kusan wata shida, amma zuwa 2023, bayan gyare-gyare da ƙarin babi mai suna Phantom Liberty, ya koma abin yabo. Sharhin ranar farko da na bayan shekara uku duka gaskiya ne, sai dai ba abu ɗaya suke bayyanawa ba.

Shekarar 2024 ta nuna saɓanin a dandali guda. Alƙalan The Game Awards sun ba Astro Bot, wasan tsalle-tsalle mai launuka da yaro da babba za su iya bugawa, kyautar wasan shekara, yayin da ƙuri'ar jama'a ta tafi ga Black Myth: Wukong na kamfanin Game Science da ke Sin, wanda aka gina a kan wani shahararren labarin ƙasar na ƙarni na 16, ya kuma sayar da kwafi miliyan 10 cikin kwana uku, alfahari da al'adar gida na daga cikin abin da ya ɗaga shi. A gefe guda kuma akwai wasannin waya irin su Free Fire na 2017 da PUBG Mobile na 2018 da Call of Duty: Mobile na 2019, waɗanda masu buga su suka ninka na manyan na'urori, amma manyan mujallun sharhi ba su cika waiwayar su ba, saboda marubutan suna zaune ne a Amurka da Turai da Japan, inda ba a auna wasa da yawan datar da yake ci, ko zafin da yake sa waya, ko yadda yake tafiya idan sabis ya yi rauni.